Shiba Inu Ko Karen Gida: Wanne Ya Dace Da Gidanka A Zariya?

Ɗan'uwa, tun jiya da daddare na ga tambayarka, na bari sai da na samu natsuwa. Ka ce yara sun ga karen nan mai fuskar murmushi, wato shiba inu na Japan, a waya sun matsa maka lamba, wani a Legas ya ce zai samo maka kwikwiyonsa, ga shi kuma karyar maƙwabcinka a Hanwa ta haihu, ya ce ka zo ka zaɓa kyauta. Kana son wanda zai yi gadi ya kuma yi wasa da yara, sannan uwargida tana kiwon kaji a bayan gida. Wanne za ka ɗauka?

Na zauna da duka biyun. A Bomo na tashi, gidanmu bai taɓa rabuwa da kare ba saboda gona da awaki. Shiba kuwa, shekara uku na yi da wata karya a gidan dattijuwar da ta ba ni ɗaki lokacin da nake karatu a Japan, kuma ni na riƙa fita da ita safe da yamma bayan ciwon gwiwa ya kama tsohuwar. Har yau ina kewar karyar nan. Duk da haka, shawarata ka tafi wurin maƙwabcinka.

In ka jera su biyu sai ka ga kamar 'yan'uwa ne. Kunne a tsaye, baki mai tsini, jela a lanƙwashe bisa baya, da yawansu ja-ja masu farin ƙirji. Sai dai shiba ƙarami ne ƙwarai, namiji bai cika wuce kilo 10 zuwa 11 ba, mace wajen kilo 8, tsayinsa a kafaɗa kimanin santimita 40. Namu ya fi shi dogayen ƙafafu da siririn jiki. Dukansu asalinsu karnukan farauta ne. Shiba shi ne mafi ƙanƙanta cikin jinsi shida na asalin Japan, a tsaunuka ya tashi yana tayar da tsuntsaye da zomaye daga cikin sarƙaƙiya, kamar yadda namu ke bin mafarauta daji in rani ya yi. A 1928 mutanen Japan suka kafa ƙungiyar Nippo don adana karnukansu, a 1934 aka rubuta siffofin da shiba zai cika, a 1936 gwamnati ta sa shi cikin kayan gadon ƙasa. Yaƙin Duniya na Biyu da annobar cutar karnuka da ta biyo bayansa suka kusa ƙarar da shi, har sai da aka tattaro ragowar zuri'a uku, ta Shinshu da ta Mino da ta San'in, aka sake tayar da jinsin. Namu ba wanda ya rubuta masa takarda. Rana da kaska da yunwa ne suka tace shi, wanda ya jure ya hayayyafa, wanda ya gaza ya tafi. Wannan bambanci za ka yi ta cin karo da shi a duk abin da zan faɗa.

Hoton da yaranka suka gani kuwa, ina kyautata zaton na Kabosu ne, karyar da aka ɗauka hoto a 2010, wadda fuskarta ta hau kuɗin intanet na Dogecoin a 2013, ta mutu a watan Mayun 2024. Ita ta sa duniya ta san shiba. Wasu kuma suna haɗa shi da Hachiko, karen da ya yi shekaru yana jiran maigidansa a tashar jirgin ƙasa ta Shibuya har ya mutu a 1935. To, Hachiko akita ne, babban jinsi ne daban.

Hali shi ne inda ya kamata mu daɗe. Abin da ya fara burge ni da shiba tsabta. Lasar ƙafafunta take yi kamar kyanwa, tana kauce wa taɓo a hanya, ba ta da warin kare, kuma ban taɓa ganin ta ɓata cikin gida ba, sai ta daure har a fita. Ba ta da yawan haushi. Ba ta liƙe wa mutum. Za ta zo ta kwanta nesa da kai kaɗan, ta juya maka baya, kunnenta ɗaya yana wajenka. Ranar da na kwanta zazzaɓi, a bakin ƙofar ɗakina ta wuni, ba ta shigo ba, ba ta tafi ba. Irin wannan ƙauna mai kunya tana shiga rai, duk Bahaushe zai gane ta.

Amma shiba ba ya bin umarni don kawai ka bayar. Yana jin kiranka sarai, sai ya duba ko akwai riba a zuwan. A shekara ukun nan ko sau ɗaya ban cire mata igiya a waje ba, don tsohuwar ta gargaɗe ni tun ranar farko cewa in ta hango kyanwa ko tsuntsu, shi ke nan, sai dai a bi ta da addu'a. Suna haƙa ƙarƙashin katanga, suna tsallake shinge, suna kutsawa ta tsakanin ƙafafun mai buɗe ƙofa. Yanzu ka dubi gidanka. Sau nawa ake buɗe get a wuni? Almajiri ya shigo karɓar aike, mai ruwa ya turo kura, yara sun fita Islamiyya sun bar ƙyaure a buɗe. Karen gida in ya fita zai zaga unguwa ya dawo da kansa, ya san hanya, ya san mota da babur. Shiba in ya fita titin Hanwa, ko mota ta buge shi ko wani ya ɗauke, don kowa ya gan shi ya san kuɗi ne ke tafiya.

Akwai kuma ihunsa. In an zo yanke masa farce, ko wanka, ko allura, wani lokaci ma don murna, yakan ƙwalla wata ƙara mai tsini wadda ba ta yi kama da ta kare ba. A unguwar da katanga ke jingine da katanga, maƙwabta za su fito su ɗauka yaro ake duka.

Karen gida shi ma yana da 'yancin kansa, ba irin karen 'yan sanda ba ne da ke jiran a ce zauna. Amma ya san mutanen gida, ya san na waje, ya san iyakar gidansa ba tare da an koya masa ba. Nan ne maganar gadi ta shigo, kuma ba ta da tsawo. Shiba zai sanar da kai baƙo ya zo, iyakarsa ke nan, ɓarawo ba ya tsoron kare mai kilo 10. Namu kwana yake a faɗake, kuma haushinsa ɗaya sai karnukan layin duka su amsa. Aibinsa shi ne wani dare zai hana ka barci a kan bushiya ko kyanwa.

Kajin uwargida fa? Kada in yaudare ka, duka biyun suna iya kashe kaza. Bambancin shi ne kwikwiyon gida da ya buɗe ido ya ga kaji a tsakar gida, aka kwaɓe shi tun yana ƙarami, yawanci yakan bar su, har ya kore musu shaho da muzuru. Namu na Bomo tare da 'yan tsaki suke shan inuwa. Shiba kuwa tsuntsu aka tayar da kakanninsa su kama, abin a jininsa yake. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Sai yanayi, wanda shi ne ya fi damuna. Gashin shiba hawa biyu ne, na sama mai kauri, na ƙasa mai laushi kamar auduga, rigar dusar ƙanƙara ce. Hunturun Zariya zai yi masa daɗi, Disamba da Janairu zai yi ta tsalle. To, Maris da Afrilu fa, lokacin da zafi ke doshin digiri 40? Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi. Japan ma ana zafi a watan Agusta, amma a ɗaki mai na'urar sanyi karyar take wuni, fitarmu kuma da asuba ce da bayan faɗuwar rana, sai na taɓa kwalta da bayan hannu kafin ta taka. A nan, in aka ɗauke wuta da azahar a tsakiyar bazara, sola ko janareto za ka tayar saboda kare? In ba za ka iya ba, wahalar da shi za ka yi. Kada kuma wani ya ce maka a aske shi, gashin nan yana kare fatarsa daga rana, askewa ɓata shi take yi. Sau biyu a shekara yana zubar da gashin ƙasan gaba ɗaya, makonni ana tajewa kullum ana cika leda, ka same shi a kan darduma, a kan kaya, har cikin kwano. Karen gida gashinsa gajere ne, in rana ta take sai ya tona ƙasa mai sanyi a gindin mangwaro ko ƙarƙashin randa ya kwanta abinsa.

Da damina kaska ce matsalar. A jikin namu kana ganinta ka cire. A cikin gashin shiba sai ta ƙoshi ba ka sani ba, ga shi kaska tana sa wa kare cutar da ke cinye jini, kuma baƙon kare ya fi saurin faɗuwa. Shiba yana da nisan kwana, shekara 13 zuwa 16 in an kula da shi, amma jinsin yana da lalurorinsa na gado: ƙaiƙayin fata, gocewar ƙoƙon gwiwa, da hawan ruwan ido mai makantarwa. In ka ga karen gida ya mutu da wuri, galibi sakacinmu ne. Ba allura, ba maganin tsutsa, a ɗaure shi da guntuwar sarƙa a rana, a watsa masa ƙanzo a ce ai kare ne. Wannan zalunci ne, kuma shi ke mayar da kare mai cizo. Da za a ba namu rabin kulawar da ake ba na Turawa, da mutane sun ga abin mamaki.

Kuɗi ba sai na ja ba. Shiba na gaske da dala ake maganarsa, ga kuɗin jirgi, ga takardun shigowa, ga abincin buhu. Mai cewa zai samo maka a Legas, ka ce ya nuna maka uwar da uban a bidiyo tare da kwikwiyon, da takardar zuri'a da katin allura. Duk kwikwiyo mai gashi da tsayayyen kunne yana kama da shiba a wata biyu, sai ya girma gaskiya ta fito. Na gida tuwo da wake da ɗan nama ko kifi ko ƙwai sun ishe shi. Ka kiyaye ragowar miya mai albasa da yawa, albasa tana lalata jinin kare, haka ma cakulan da inabi guba ne gare shi, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya soke hanji.

Wani abu da bai kamata mu tsallake ba: hadisi ya yi rangwamen ajiye kare don farauta da kiwo da gona, malamai da yawa suka haɗa gadin gida a ciki. Karen gida a tsakar gida yake, da ɗan ɗakinsa a gefe, yana aikinsa, ba ruwansa da inda ake salla. Shiba a wannan zafi namu dole ya shiga ɗaki, kuma ba aikin da zai yi maka sai ado da ɗebe kewa. Ga kuma maganar sayen kare da kuɗi, wadda malamanmu na Malikiyya suka yi zance a kanta. Ka zauna da malaminka kafin ka tura ko sisi. Ka kuma tambayi uwargida, don ita za ta wuni da shi.

Yara kuwa, shiba ba ya son a rungume shi, ba ya son a ja masa jela, yana kuma tsare kwanonsa da abin wasansa, har ya kai cizo. Ya fi dacewa da gidan manya. Namu ma ba a barin shi da jariri su kaɗai, ba karen da ake yi wa haka, amma wanda ya tashi cikin hayaniyar yara ya fi haƙuri da su.

Ba na cewa shiba ba zai rayu a Zariya ba. Mutumin da ke da gida mai doguwar katanga da ƙofa biyu, da wutar da ba ta yankewa, ba kaji, ba ƙananan yara, yana da sa'a guda kullum ta yawo da igiya, kuma yana son abokin da ba zai yi masa biyayya ba amma zai san shi ciki da waje, wannan zai ji daɗin da na ji. Gidan da ka kwatanta mini ba shi ba ne.

In ka je wurin maƙwabcin, kada ka ɗauko kwikwiyo kafin ya cika mako 8, a wurin uwarsa da 'yan'uwansa yake koyon sassauta cizo. Ka dubi halin uwar, don ita ce takardar zuri'arsa: tana tarbar mutanen gida da kaɗa jela ko ɓuya take yi? Ka tsuguna ka tafa hannu, ka bar wanda ya gudu ya ɓuya, ka bar wanda ke danne sauran, ka ɗauki wanda ya zo ya shinshina ka cikin natsuwa. Ka duba ido ba kwantsa, dasashi ja-ja ba fari ba, ciki ba a kumbure ba. A makon nan ka kai shi asibitin koyarwa na likitocin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, a ba shi maganin tsutsa, a fara masa allurar rigakafin gudawar jini ta kwikwiyo da sauran cututtuka, wadda ake maimaitawa bayan mako 3 zuwa 4. In ya kai wata 3 a yi masa ta haukan kare, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara, ka adana katin. Kafin allurorin su cika kada ya taka waje. Ka koya wa yara cewa duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15, a wuce asibiti a ranar. Sunan kuma ka bar musu su raɗa, za ka ga cikin kwana biyu sun daina tambayar na cikin waya.