"Bass drum" da tambari: wanne ne wanne, kuma yaya za a fassara?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko me Turawa ke nufi da kalmar "bass drum", kuma ko daidai ne ka fassara ta da tambari a cikin darasin kiɗa da kake mayarwa Hausa, tun da dukansu manyan ganguna ne masu kaurin murya. Ra'ayina shi ne kada ka kira ta tambari, kuma dalilin zai fito idan aka jera su biyun aka duba su ta fuskar suna da ƙira da aiki.

Mu fara da sunan. Kalmar "bass" a fagen kiɗa tana nufin murya mai kauri, wadda take can ƙasa, irin wadda ake ji a ƙirji kafin kunne ya gama tantance ta, "drum" kuwa ganga ce. Saboda haka sunan bai faɗi girman gangar ba, muryarta ya faɗa, duk da cewa girman ne ke haifar da kaurin muryar. Ana furta kalmar farko "bes" tare da jan wasalin. Akwai wata kalma mai rubutu iri ɗaya da ake furtawa "bas", wadda sunan wani kifi ce, kuma babu abin da ya haɗa ta da kiɗa. Ka kuma kiyaye da taƙaita sunan, domin idan makaɗi ya ce "bass" kawai, galibi jita mai kaurin murya yake nufi ko kuma babban gogen nan na Turawa da ake kaɗawa a tsaye. Tambari kuwa sunansa ba ya bayanin murya. Da zarar an ambace shi, sarauta ce ke faɗowa a ran Bahaushe.

Ta wajen ƙira bambancin ya fi fitowa fili. "Bass drum" jikinta kamar an yanko guntun duro mai faɗi ne, baki biyu, kowane baki an rufe shi da fata, ko da yake a yau roba ta maye gurbin fatar a mafi yawansu. Tambari kuwa fuska ɗaya gare shi, jikinsa kamar babban akushi mai zurfi da aka sassaƙa, aka rufe bakinsa da ƙirgi aka ɗaure tamau. Abin da ya yi kama da wannan siffa a wurin Turawa shi ne wanda suke kira "kettledrum" ko "timpani", wanda shi ma jikinsa kamar tukunya yake, sai dai nasu yawanci na tagulla ne kuma ana iya saita muryarsa ta hau ko ta sauka. Idan siffa za a bi, gangarmu ta gargajiya mai fuska biyu, wadda ake ratayawa a kafaɗa a doka da gula, ita ce 'yar'uwar "bass drum" ta kusa.

Asalin "bass drum" ma yana da ban sha'awa, kuma a nan nake so in ɗan daɗe. Turawa ba su ne suka ƙirƙiro ta ba. Sun aro ta ne daga makaɗan sojojin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, waɗanda ke da babbar ganga mai suna "davul" da ake doka fuska ɗaya da sanda mai kauri, ɗaya fuskar kuma da siririyar tsumagiya. A ƙarni na 18 kiɗan sojan Turkawa ya shiga ran mutanen Turai ƙwarai, har suka riƙa kiran wannan ganga da sunan gangar Turkiyya. Haydn, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Ostiriya, ya sa ta cikin kiɗan da ya tsara a 1794, takwaransa Bajamushe Beethoven ma ya yi amfani da ita a babban kiɗansa na tara a 1824. Daga baya sunan Turkiyya ya faɗi, kowace al'umma ta raɗa mata nata: Faransawa suna cewa "grosse caisse", Italiyawa "grancassa", dukansu ma'anarsu babban akwati, Jamusawa kuma suna cewa babbar ganga kai tsaye. Ka ga ke nan Ingilishi ya dubi murya, sauran kuwa girma suka duba, kuma wannan ya ba mai fassara da Hausa damar bin girman ba tare da ya saɓa wa ma'ana ba.

A Ingilishin yau kalmar ta ƙunshi abubuwa uku. Akwai ta manyan ƙungiyoyin makaɗa, wadda faɗinta kan kai inci 36 ko fiye, ana ɗora ta a kan mazauni a doka da sanda mai lallausan kai. Akwai ta fareti, wadda mutum ke ɗaurawa a ƙirji yana dukan ta ta ɓangarori biyu, kuma ita muka fi sani a wurin 'yan badujalar soja da na 'yan sanda da ɗaliban makaranta ranar bikin 'yancin kai. Ita ce ke riƙe da takun masu maci. Ta uku ita ce wadda ke kwance a ƙasa cikin jerin gangunan da mutum ɗaya ke zama ya kaɗa, faɗinta galibi inci 20 ko 22, kuma da ƙafa ake dokanta ta hanyar feda. Fedar da wani mai ƙera ganguna, William Ludwig, ya fitar a Chikago ta Amurka a 1909 ita ce ta sa wannan tsari ya yaɗu. Wannan ta ukun kaɗai ake wa laƙabi da "kick drum", musamman a bakin masu haɗa sauti a sitidiyo, waɗanda ke kiran sautin da kwamfuta ke fitarwa da wannan suna ko da babu ganga a ɗakin. Kuskure ne a kira ta fareti da wannan laƙabi, domin babu ƙafa a dukanta.

Ta fuskar matsayi kuwa, "bass drum" kayan aiki ne da kowa zai iya saya ya kaɗa a coci ko a makaranta ko a gidan biki. Tambari ba haka yake ba. A fada yake zama, yana da masu kula da shi na gado, ana buga shi ne a lokacin naɗin sarki da bukukuwan salla da makamantansu, kuma ba a buga wa talaka shi komai dukiyarsa. Idan ka rubuta cewa wani ɗalibi yana kaɗa tambari a faretin makaranta, ka ɗora wa yaron abin da ba nasa ba, ka kuma rage wa kalmar nauyin da take da shi a wurinmu, kuma wannan na biyun ya fi damuna.

Shawarata ita ce ka rubuta "babbar ganga" a inda ake maganar fareti ko ƙungiyar makaɗa, ka ƙara "mai kaurin murya" a karon farko da ta fito a darasin domin ɗalibi ya gane dalilin sunan Ingilishin. A inda ake maganar wadda ake takawa da feda, "gangar ƙafa" ta wadatar, kuma duk makaɗin da ya ji zai san wadda ake nufi.