Makarantar kwana da jeka-ka-dawo: inda nauyin shugaban makaranta yake

A jeka-ka-dawo, babban ciwon kan shugaban makaranta makara ce. Ana kaɗa ƙararrawar taron safe wajen ƙarfe 7:30, amma yarinyar da ta fara kai tallan koko sai takwas ta gota. Ranar kasuwa aji ya rame, da damina kuma iyaye su janye manyan yara gona. Da an tashi ƙarfe 2, nauyi ya koma gida.

A makarantar kwana kuwa ba a tashi. Abinci sau uku ne kullum, kuma in ɗan kwangila ya yi jinkirin kawo masara ko itace, kafin la'asar guna-guni ya cika ɗakin cin abinci. Boren ɗalibai sau da yawa daga tukunya yake farawa. Ga rijiyar burtsatse da ke tsayawa, ga fargabar sanƙarau a zafin Maris idan ɗakin kwana ya cunkushe. Abin da ya fi ci wa mutum rai shi ne manyan ɗalibai masu ɗora wa ƙanana wanki da ɗiban ruwa da sunan al'ada. Maganinsa malami ya riƙa zagayawa bayan an kashe fitila, yana ƙirga yara gado-gado.

Ribar makarantar kwana ita ce karatun dare, wanda ɗan jeka-ka-dawo bai cika samu ba.