Sharhi kan ginin wata makarantar reno a Tudun Wadan Zariya bayan damina biyu

Makarantar aji huɗu ce, ta yara daga shekara biyu zuwa biyar. An ɗauki mai zanen gini tun farko, ba a bar birkila ya shata da sanda a ƙasa ba, kuma sai da zanen ya samu amincewar KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, kafin a haƙa tushe. Yanzu an yi damina biyu da hunturu biyu ana karatu a ciki, duk abin da takarda ta ɓoye ya fito fili. Mai zanen ya san ranar Zariya, ya san tsayin yaro, amma ruwa ya kayar da shi.

Abin da ya fi burge mu shi ne zaman ginin. Layi biyu ne suna kallon juna, tsakar gida a tsakaninsu, dogayen bangaye na fuskantar kudu da arewa. Bangon gabas da na yamma kusan babu taga. Wanda ya taɓa zama a aji mai tagar yamma cikin Maris da Afrilu ya san darajar wannan, domin da rana ta karkata ɗakin ya zama tanda, yara sai kuka da ƙishirwa. Gabas kuwa nan hadari ke tasowa, feshin ruwa nan yake bugawa, shi ya sa maginan ƙasa na cikin birni suke ƙara wa bangon gabas makuba tun zamanin Babban Gwani, maginin da ya gina tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Kowane aji mita 7 ne sau 8, yara 25, wato kowa ya samu sama da murabba'in mita biyu, har da wurin shimfiɗa tabarmar barci. Silin yana mita 3.3 daga ƙasa, kuma akwai ƙananan tagogi a can sama da zafi ke fita ta cikinsu. Ko an ɗauke wuta, ajin yana zaunuwa.

Ƙofar shiga zaure ce sak. Iyaye a nan suke tsayawa, ofishin shugabar makaranta yana gefe da taga biyu, ɗaya tana kallon ƙofar waje, ɗaya tsakar gida. Yaro ba ya fita titi sai ya ratsa ƙofa biyu a kan idon shugabar. A unguwar da Keke Napep da babura ke juyawa a bakin ƙofa kowace safiya, wannan kaɗai ya biya kuɗin zanen.

An kuma yi awo da jikin yaro. Gindin taga santimita 60 ne, yaro yana tsaye yana ganin waje, ba ya hawa kujera ya leƙa. Matakala santimita 12, wurin wanke hannu 50, kujerar bayan gida 30. Soket ɗin wuta duk an ɗaga su zuwa mita ɗaya da rabi. Tazarar ƙarafan baranda ba ta kai santimita 10 ba, kan yaro ba ya shiga. An shafa fenti mai mai daga ƙasa zuwa mita 1.2, tsumma da sabulu ke goge zanen alli da tafin hannun manja.

To, batun ruwa. Zariya tana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba. Rufin makarantar ya kai murabba'in mita 400, ke nan kusan lita dubu 400 ke sauka a kansa duk damina. Rabin wannan ruwa tsakar gida aka karkato wa, ba indararo, ba kwata mai faɗi, sai bututu ɗaya mai inci huɗu a lungu. Yashin wasan yara ne ya fara toshe shi. A Agusta tsakar gida takan kwana da ruwa har idon sawu, sauro ya samu masauki, yara su yi kwana biyu ba su fita wasa ba. Daɓen ajin kuma santimita 15 kacal ya ɗara ƙasar waje, ga shi ba a shimfiɗa leda a ƙarƙashinsa ba. Danshi ya hau bango, fenti ya kumbura, gara ta bi danshin ta cinye gindin katakon ƙofa biyu. Da an ɗaga daɓen zuwa santimita 45, an sa indararo yana zubawa cikin tanki, da ruwan da ya zama masifa shi ake wanke bayan gida da shi har kaka.

Bayan gidan ma da gyara. Kusa yake da aji, ƙofofinsa gajeru yadda mai reno za ta hango yaro, wannan daidai ne. Sai dai an sa tayil mai sheƙi, kuma daɓen bai gangara zuwa magudana ba. Yaran nan da buta suke tsarki, ƙasa ba ta bushewa. Tayil mai kaushi ake buƙata, da gangara kamar santimita 2 a kowace mita. Wannan kuskure ne da bai kamata a gani a zanen gwani ba, domin ƙeyar yaro ce ke biyan kuɗinsa.

Ƙara ma ta dame mu. Tayil a ƙasa, siminti a bango, silin mai tauri a sama, murya ba ta da wurin faɗawa. Yara 25 in suka ɗauki karatu tare, malama sai ta yi ihu. Tabarma da labule da allon liƙa zane mai taushi sun rage abin sosai, kuma da arha. Da hunturu, tagogin arewa masu gilashin jere ba sa rufuwa ruf, ƙura takan kwanta a kan tabarmi kafin hantsi. Taga mai marfi da roba a bakinta ta fi dacewa da wannan gefen.

Inuwa kuwa an dogara da dalbejiya huɗu da aka dasa, waɗanda sai sun yi shekaru kafin su rufe filin. Kafin nan lilon ƙarfe da sulu ba sa taɓuwa da tsakar rana, rumfa ya kamata a kafa musu tun ranar buɗewa.

Mai niyyar ɗaukar irin wannan zane ya ɗauka, amma ya nemi takarda daban da ke nuna hanyar ruwa daga kan kwano har kwatar unguwa, da faɗin kowane bututu. Ya kuma sa a yarjejeniya cewa mai zanen zai zo da kansa ranar zuba daɓe da ranar ɗora rufi, sannan a riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila sai ginin ya ga Agusta ɗaya.