Injin babur a motar haɗi: ka duba wurin kuloci kafin ka biya kuɗi

A Ingila ne aka fi yawan ɗora injin babur a ƙaramar motar da mutum ke sayen sassanta ya haɗa a garejinsa, irin su Westfield da MK Indy da Locost, masu bin fasalin Lotus Seven ta 1957. Mai saye yakan tambayi ƙarfin inji da farashi, ya manta da kuloci, sai ranar da aka sauke injin cikin shasi ya ga ƙarfe ya tokari ƙarfe.

Tushen matsalar juyin da ake yi wa injin ne. A babur, haƙorin sarƙa yana hagu, murfin kuloci yana dama. A mota kuwa ana juya injin har gefen sarƙar ya kalli baya, a cire haƙorin, a ɗaura faifan da zai riƙe farfela, wato sandar da ke kai juyin inji zuwa tayoyin baya. Murfin kuloci sai ya kalli gaba, wajen lagireto da sandar sitiyari. Saboda haka abin da za ka fara tambaya shi ne ta wane gefe ake sakin kulocin injin da kake so.

Yamaha R1 ta farko, ta 1998, da Honda Fireblade ta farko, CBR900RR, kebur ke jan kulocinsu, hannun da ake ja kuma yana jikin murfin. Bayan juyi hannun ya koma gaba, inda yawanci akwai sarari. Wahalar kawai ita ce kebur mai tsawo da zai zagayo zuwa feda ba tare da lanƙwasa mai tsanani ba, kuma nesa da salansa. Wanda ke haɗa motarsa ta farko, nan zan tura shi.

Suzuki Hayabusa, mai cc 1299 a fitowarta ta 1999 da 1340 daga 2008, da Honda Blackbird mai cc 1137, kulocinsu da matsin mai yake aiki, ba da kebur ba. Ƙaramar silindar da ke tura sandar kuloci tana zaune a kan murfin sarƙa, dab da inda faifan farfela zai juya, kuma a bakin ramin da farfelar ke bi. A nan ake shan wuya, a nan kuma kuɗi ke tafiya.

Hanya mafi arha ita ce a yanke murfin sarƙar, a bar iya ɓangaren da ke riƙe da silindar. Tana aiki, amma murfin da aka rage yakan yi lanƙwasa duk lokacin da aka taka feda. Sa wani ya taka maka, kai ka ɗora yatsa a bayan silindar: in ka ji tana ja da baya, wani ɓangare na tafiyar fedar ya salwanta, kuma alminiyam da ke motsi haka ƙarshensa tsagewa ne. Wadda ta fi ita ce mariƙin da aka sassaƙa daga dunƙulen alminiyam musamman don wannan injin, wani lokaci haɗe da silinda siririya. Ya fi tsada, amma shi zan saya. Sai dai ka sani, silinda mai ƙaramin baki tana ƙara wa feda nauyi, tana kuma tura sandar nesa fiye da da. Akwai masu sayen faifan farfela mai dogon wuya don ya wuce silindar kafin ya buɗe. Wannan yana ƙara wa ƙarfen da ke fitowa daga giya da boris ɗinsa nauyi, don haka kada tsawon ya wuce buƙata. Wasu kuma sukan kai silindar wani wuri daban, su haɗa ta da sandar ta hannun ƙarfe mai lilo. Dabara ce mai kyau in wuri ya ƙure, amma kowace mahaɗa tana kawo nata sassaucin.

Yanke ƙarfen shasi shi ne na ƙarshe. In ya zama dole, a mayar da wani a madadinsa, kuma mai walda ya san aikinsa. Ka kuma auna ramin farfela tun yanzu, domin giyar babur ba ta da ribas, gwajin IVA kuwa, wanda ake yi wa motar haɗi a Ingila kafin ta hau titi tun da ya maye gurbin na SVA a 2009, yana son motar ta iya komawa baya, akwatin ribas da za a ƙara ma wurinsa yake nema. Sassan da ake sayarwa galibi an auna su ne da mota mai sitiyari a dama. Wanda zai haɗa tasa a Najeriya ko Nijar da sitiyari a hagu, salansa ce za ta zama maƙwabciyar ƙafarsa, sai ya sake awo.

Akwai kuma tokarin da ba a gani, cikin murfin. Sandar kulocin babur 'yan milimita kaɗan take tafiya, ƙafa kuma ta fi yatsu ƙarfi nesa ba kusa ba. Masta, wato silindar da feda ke turawa, mai faɗin inci 0.75 tana tura mai da yawa har faifan matsi ya goge cikin murfi ko sifirin ya naɗe; mai 0.625 ta fi sauƙin sarrafawa. Ko wacce ka ɗauka, sa noti mai tare feda a bayanta, ka daidaita shi daidai inda kuloci ya saki da ɗan ƙari.

Mota ta fi babur nauyi kusan ninki biyu, shi ya sa ake canja sifirin kuloci zuwa masu ƙarfi, kuma ba sa cin wuri. Kuloci mai kulle kansa da gudu, wanda masu turbo ke so, yana buƙatar murfi mai zurfi ko zoben ƙari, wato injin ya ƙara tsawo ta gaba. Kafin ka aika kuɗi, nemi mai sayarwa ya ba ka awon zurfin murfin, ka yanka kwali daidai girmansa, ka gwada a shasinka tare da barin gibin yatsa saboda girgizar inji.