Python Tutor: shafin da ya warware mini rikicin faramita

Kwana biyu na yi ina fama da wani ɗan fankishin (gutsuren shiri mai yin aiki guda) da na rubuta a Python, harshen rubuta shirye-shiryen kwamfuta. Aikinsa kawai ya karɓi suna ya mayar da shi manyan baƙaƙe. Na tura masa "amina" ta faramita, wato sunan da fankishin ke karɓar abu da shi, na kira upper, umarnin mayar da baƙaƙe manya, a ciki, na fito na buga sunan, sai ga "amina" nan yadda take. Kamar in fasa kwamfutar.

Abokin karatuna ne ya nuna mini Python Tutor, shafin kyauta da Philip Guo ya ƙirƙira a 2010. Za ka liƙa shirin da ka rubuta, ka riƙa danna Next, yana zana maka abin da ke faruwa layi bayan layi. Nan na ga inda gizo ke saƙar: a Python ba a canza jerin haruffa da zarar an ƙirƙire shi. Ashe upper sabon jeri yake haifarwa, ni kuwa ban dawo da shi da return ba, ya ɓace da rufewar fankishin. Da na gwada da lis, wato jerin abubuwa da ake iya canzawa, sai ga kibiyoyi biyu, na faramita da na waje, suna nuni ga akwati ɗaya. Shi ya sa append, umarnin ƙara abu a lis, ke taɓa na asali. Wallahi wannan zanen kaɗai ya fi mini karatun mako guda.

Ba a buɗe akawun, yana kuma karɓar Java, C, C++ da JavaScript. Na ƙananan gwaje-gwaje ne dai, a mataki 1000 yake tsayawa, don haka gutsuren da ya rikita ka kawai za ka kai masa.