Ligeti, Kapustin ko Glass: wane littafin etud ya kamata ka saya kafin gasar fiyano?

Wanda ya kai matakin buga etud ɗin Chopin biyu ko uku ba tare da hannunsa ya sage ba, abin da ke gabansa shi ne ya ƙara na zamani guda ɗaya. Etud gajeren kiɗa ne da ake rubutawa don horar da yatsu kan wata wahala guda, amma tun da Chopin ya fitar da nasa na farko a 1833 ya zama abin da ake bugawa a gaban jama'a. Na Chopin da na Debussy kyauta ake sauke su a IMSLP, shafin intanet na takardun kiɗa, domin masu su sun daɗe da rasuwa. Na zamani kuwa, irin na Ligeti, Kapustin da Glass, sai ka biya da Yuro ko Dala, ga kuɗin aikowa. Kuɗin ma shi ne ƙaramin abu. Etud ɗaya yana iya cinye maka watanni, in kuma ka zaɓi wanda bai dace da inda za ka kai shi ba, watannin sun tafi a banza.

Saboda haka kafin ka sayi littafi, ka fara karanta ƙa'idojin gasar da kake hari. Gasar Chopin ta birnin Warso, wadda aka fara a 1927 kuma ake yi duk shekara biyar, kiɗan Chopin kaɗai take karɓa. Duk abin da za a faɗa a nan bai shafe ta ba. Gasar Cliburn ta Fort Worth a jihar Texas, da ake yi duk shekara huɗu tun 1962, tana barin ɗan takara ya tsara kiɗansa yadda ya ga dama, sai dai akwai sabon kiɗa guda da take sa a rubuta mata, kowa ya buga shi dole: a 2017 Marc-André Hamelin ne ya rubuta, a 2022 Stephen Hough. A waccan ta 2022 ne Yunchan Lim, ɗan Koriya ta Kudu mai shekara 18, ya jera manyan etud goma sha biyu na Liszt a zagayen kusa da ƙarshe, ya kuma cinye gasar. Wanda zuciyarsa ke kan kiɗan zamani zalla, gasar Orléans a Faransa ce gidansa, domin tun kafuwarta a 1994 kiɗan da aka rubuta daga 1900 zuwa yau take nema, tana kuma da reshe na yara. A nahiyarmu akwai ta jami'ar Unisa a Pretoria, wadda aka fara a 1982. Gasa da yawa sukan rubuta sunayen marubutan da aka yarda a ɗauko etud daga wurinsu. Sunan Ligeti yakan fito a irin wannan jerin. Sunan Glass ba kasafai yake fitowa ba.

György Ligeti ɗan Hangari ne da aka haifa a 1923 a yankin da ke cikin Romaniya, ya rasu a Vienna a 2006. Ya rubuta etud 18 tsakanin 1985 da 2001, a littafi uku: shida, takwas, huɗu. Kamfanin Schott na Jamus ke buga su, kowane littafi da kuɗinsa. Ka tambayi mai sayarwa wane bugu zai aiko maka, domin an taɓa fitar da wasu da hoton rubutun hannun Ligeti, kuma karanta shi aiki ne na daban.

Ka buɗe na farko, Désordre, ka ga abin da kake shirin saya. Hannun dama fararen madannai kaɗai yake taɓawa, na hagu baƙaƙe kaɗai. Sun tashi tare, suna ƙarfafa bugu a wuri ɗaya, uku da biyar, uku da biyar. A gaba ta huɗu sai hannun dama ya yar da bugu ɗaya, ya yi bakwai inda hagu ya yi takwas. Daga nan sun rabu. Kowane zagaye tazarar na ƙaruwa, layukan da ke raba gaɓoɓin kiɗan a takarda ma ba sa haɗuwa tsakanin sama da ƙasa. Kiɗan bai kai minti uku ba, amma idan ka ɓace a tsakiya babu inda za ka kama ka dawo. Alƙalai sun san haka, shi ya sa wanda ya buga shi tsaf suke ɗaga kai su dube shi, wanda ya tuntsure kuma ba a buƙatar dogon bayani.

Akwai abin da zai ba mai kunnen Afirka sha'awa a nan. Ligeti da kansa ya faɗi cewa kiɗan mutanen Afirka ta Tsakiya, wanda masani Simha Arom ya naɗa ya kuma yi nazarinsa, yana cikin abubuwan da suka buɗe masa wannan hanya: ƙaramin bugu mai sauri da ba ya canzawa, a kansa kowane layi yana ƙarfafa nasa wurin. Wanda ya tashi yana jin kalangu da ganga suna saɓa wa juna ba tare da sun ɓata rawa ba, kunnensa ba zai ruɗe da wannan tsari ba. Kunne kenan. Yatsu kuwa sai sun biya nasu harajin, babu ragi.

In dai Ligeti ka ƙudura, littafi na ɗaya za ka saya, ka fara da na huɗu, Fanfares, inda sauti takwas ke maimaita kansu a tsarin uku, biyu, uku daga farko har ƙarshe, hannu ɗaya na riƙe da su ɗaya na yawo. Na biyar, Arc-en-ciel, a hankali yake tafiya, yana da daɗi, amma gasar da ta ce etud mai nuna gwanintar sauri take so ba lallai ta karɓe shi ba. L'escalier du diable, na goma sha uku, shi ne wanda matasa ke rububi saboda ya yi suna a YouTube. Akwai wurin da Ligeti ya jera harafin f har takwas, wato ƙarar da babu fiyanon ɗaki da zai iya bayarwa. Ka bar shi sai gaba.

Ga mafi yawan masu shirin gasa, ni Kapustin zan ce su saya. Nikolai Kapustin an haife shi a Yukiren a 1937, ya yi karatu da rayuwarsa a Mosko, ya rasu a 2020. Etud ɗinsa takwas masu lamba 40 a jerin ayyukansa, na 1984, littafi ɗaya ne, shi ma a wurin Schott. Jin su kamar jaz ne da ake ƙirƙira nan take, alhali kowane sauti a rubuce yake, ba a bar maka komai ka ƙago ba. Hannun da ya saba da Chopin da Rachmaninov zai gane hanya, domin Kapustin makaɗi ne ƙwararre, abin da ya rubuta yana kwanciya a hannu. Kowanne minti biyu zuwa huɗu ne, daidai da gurbin da zagayen farko ke bayarwa, kuma 'yan kallo na tafa masa ko da ba su taɓa jin sunan mai shi ba. Aibinsa biyu. Na ɗaya, kowa ya gano shi, musamman etud na farko da na uku, don haka alƙali ya riga ya ji su daga hannun waɗanda suka fi ka. Na biyu, wanda bai taɓa sauraron jaz ba yakan buga shi a sandare, kamar mai karanta sanarwa. Etud na bakwai, Intermezzo, inda hannun hagu ke tsalle tsakanin ƙasa da tsakiya, shi ne ke tona asirin irin wannan makaɗi.

Philip Glass, Ba'amurke da aka haifa a 1937, yana da etud 20 da ya kammala a 2012, kuma ana samun su duka a littafi ɗaya, abin da ya sa ya fi sauran araha idan ka raba kuɗin da yawan kiɗan. Goman farko ya rubuta su ne don ya gyara nasa hannun, shi ya sa ɗalibi mai matsakaicin ƙarfi zai iya karanta da yawansu a mako guda. Buga su yadda za a saurara har ƙarshe wani abu ne daban, domin maimaici ne tsagwaronsa, kuma duk yatsan da ya fi 'yan uwansa nauyi sai an ji shi. Ka saurari yadda Víkingur Ólafsson ya buga wasu daga cikinsu a faifansa na 2017 ka ji iyakar abin da za a iya yi da su. Don sakawa a intanet ko bugawa a taron makaranta, babu kamarsu. Don gasa, ba zan ba da shawara ba, sai dai a zagayen da aka bar maka zaɓi, shi ma a matsayin wurin shan iska tsakanin manyan kiɗa biyu.

Akwai na Unsuk Chin guda shida, wadda ta yi karatu a wurin Ligeti a Hamburg, da goma sha biyu na William Bolcom da suka ci kyautar Pulitzer a 1988, da goma sha biyu na Hamelin. Wanda ya isa buga waɗannan ba ya buƙatar shawarata.

Littafin da nake ganin an fi yi wa rashin adalci shi ne na Fred Onovwerosuoke, wanda aka haifa a Gana a 1960, iyayensa 'yan Najeriya, yana zaune a Amurka. Ya rubuta atisaye 24 a kan salon kiɗan Afirka, gajeru, wasu ɗalibi zai iya, wasu sai gwani. Aikin da suke koyarwa, wato raba hannu biyu kowanne da nasa lissafin, shi ne ainihin abin da Ligeti zai nema a wurinka daga baya. Haka kuma kundin nan mai juzu'i biyar da William Chapman Nyaho ya tattara wa madaba'ar jami'ar Oxford, na kiɗan fiyanon Afirka da na 'ya'yanta da ke ƙetare, an jera shi daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kuma a ciki za ka haɗu da Joshua Uzoigwe da Akin Euba. A zagayen da aka bar zaɓi a buɗe, ɗan Afirka da ya zo da irin wannan ya kawo abin da alƙalai ba su ji sau goma a ranar ba. Sai dai ka aika wa masu gasar tambaya tukuna, ka kuma tanadar wa alƙalai kwafin asali na takardar kiɗan.

Duk wannan magana ta tsaya ne kan cewa kana da abin bugawa. Fiyanon lantarki mai madannai 61 marasa nauyi, irin wanda ya cika situdiyo da majami'u, ba zai ɗauki ko ɗaya daga cikin littattafan nan ba. Madannai 88 masu nauyi da feda ta ƙwarai su ne mafi ƙarancin abin da za ka nema. Jerin P na Yamaha, da ES na Kawai, da FP na Roland duk suna da irinsu. Fiyanon katako ya fi, amma a Arewa hunturu yana busar da katakon, damina ta kumbura shi, sauti ya karkace, mai gyara kuma sai an ɗauko shi daga nesa. Wanda ke atisaye a na lantarki ya nemi hanyar zama a gaban babban fiyano na gaske kafin ranar gasa, ko da sai ya je cibiyar kiɗa ta MUSON da ke Onikan a Legas, domin nauyin madanni da nisan da sauti ke yi a zaure ba a koyon su ta abin sawa a kunne.

Batun sakawa a intanet: kiɗan Ligeti, Kapustin da Glass duk suna ƙarƙashin haƙƙin mallaka, wanda a Najeriya da Turai yake kaiwa shekara 70 bayan rasuwar mai shi. YouTube yakan bar bidiyon, amma kuɗin talla ya tafi ga masu haƙƙin, wani lokaci kuma a toshe shi a wasu ƙasashe. Ɗora hoton takardar kiɗan a kan bidiyon ya fi jawo matsala, ka guje shi. Bidiyon neman shiga gasa kuwa yawanci ana so ne a ɗauka a tashi ɗaya, ba yanka ba haɗi, fuska da hannaye duka a fili, waya ko kyamara a kafe a gefen dama. Ka kashe fanka, ka nisanci janareta, ka rubuta ranar ɗauka domin wasu gasar ba sa karɓar tsohon bidiyo.

Gasar intanet da ake biyan kuɗi a aika bidiyo sun yi yawa yanzu, wasunsu kusan duk wanda ya biya sai an ba shi lambar yabo, daga nan a nemi ya sake biya don ya je bikin karɓa. Kafin ka tura ko sisi, ka duba ko an bayyana sunayen alƙalai, ko mutum nawa ke cin matsayi na ɗaya a rukuni guda, da ko sunan gasar yana cikin jerin gidauniyar Alink-Argerich ko na ƙungiyar gasar kiɗa ta duniya da aka kafa a Janeba a 1957. Idan babu ko ɗaya daga cikin ukun, ka riƙe kuɗinka ka ƙara a na littafin.