Rangwamen intanet da littattafan jagora: Birtaniya da Faransa

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa littafin jagorar hawan tsaunuka da ka gani fam 20 a shagon kayan tafiya a Ingila ya faɗo zuwa fam 14 a intanet, alhali irinsa na Faransa kusan kuɗi ɗaya ne duk inda ka leƙa, kuma wa ke kwana ciki. Doka ce ta raba ƙasashen biyu.

A Birtaniya, tun 1900 kamfanonin ɗab'i da masu shaguna suka yi yarjejeniya cewa ba mai karya farashin da aka buga a bangon littafi. Manyan kamfanoni suka fice daga cikinta a 1995, kotu ta soke ta a 1997, shekara guda bayan nan Amazon ya buɗe reshensa a ƙasar. Ƙananan shagunan littattafai na Birtaniya da Ayalan sun kai 1,894 a 1995, amma zuwa 2016 saura 867. Tsadar haya da manyan kantuna sun taka tasu rawar, sai dai rangwame na kan gaba.

Faransa ta bi wata hanya. Dokar da ministan al'adu Jack Lang ya kawo a 1981 ta ce kamfanin ɗab'i ne ke yanke farashin sabon littafi, mai sayarwa kuwa ba zai rage fiye da kashi 5 cikin ɗari ba. Da masu intanet suka koma jan ciniki da kai kaya kyauta, aka hana a 2014. Amazon ya mayar da kuɗin aike santim ɗaya, wato ɗaya bisa ɗari na yuro, abin dariya. Daga Oktoban 2023 aka wajabta aƙalla yuro 3 kan duk odar da ba ta kai yuro 35 ba.

To, ga yadda abin ke cin mai shago a Birtaniya. A ɗauka ya saro littafin nan naka a fam 12. Babban dillalin intanet, saboda yawan abin da yake kwasa, yana matsa wa kamfanin ya ba shi a ƙasa da haka, don haka ko a fam 14 ya sayar bai faɗi ba. Mai shago in ya bi shi, ribar fam 2 ba ta biyan haya da albashin yaran shago. In ya ƙi, mai saye ya shigo, ya buɗe littafin, ya sha bayani kan wace hanya ce ta fi sauƙi da wace taswira ta dace, sannan ya fita ya yi oda a wayarsa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ƙaramin kamfanin ɗab'i kuwa ta fuska biyu yake shan wuya. Rabonsa a kowane kwafi ya ragu, ga shi littafin da ya shafi kwari ɗaya ko dutse ɗaya masu sayensa kaɗan ne, ba yawan ciniki da zai cike giɓin. Wasu ma ƙungiyoyi ne irin Climbers' Club, wadda ke fitar da jagora tun 1909, galibi da gumin 'yan sa-kai. Na biyu ya fi muni a ganina: shagon da ke gindin tsaunin shi ne tallarsa. In ya rufe, ba inda baƙo zai ci karo da littafin da bai san da shi ba, tunda a intanet sai abin da ka sani kake nema.

Kada dai a ɗauka Faransa ta gama magance komai. Farashin da mai saye ke biya dokar ta ɗaure, ta bar na sari a hannun ciniki, saboda haka babban dillali na iya matse ƙaramin kamfani can ma. Kuma littafi kaɗai ta shafa. Shago irin Au Vieux Campeur na Faris, a kan takalmi da igiya da tanti, gogayya yake da intanet kamar takwaransa na Ingila. Mai karatu kuma ba ya samun garaɓasar da ɗan Birtaniya ke samu.

Duk da haka na fi karkata ga tsarin Faransa, don ya bar shago da littafin jagora a raye wuri guda. Kai da ke Ingila, in littafin ƙaramin kamfani ne, saye shi a shagon ko kai tsaye daga masu buga shi. Cicerone da ke Kendal, alal misali, suna sayar da nasu a shafinsu.